Kwana Bakwai a Bakin Rafin Kulkwal

Daga cikin gidajen Beta Isra'ila, Yahudawan da suka zauna a tudun Kulkwal tun kaka da kakanni, mutum ɗaya ce ta rage, Yalganesh 'yar Takele maƙeri. Ita ɗin ma ta rage ne don an riga an cire ta daga dangi tun kafin a tashi.

Ga yadda abin ya kasance. Tana budurwa takan kai tukwanen mahaifiyarta kasuwa. Wani manomi Kirista mai suna Alemneh ya sayi tulu a hannunta, kasuwa ta gaba ya dawo ya sayi wani, har sai da ɗakinsa ya cika da tuluna babu ruwan zubawa. Danginsa suka ce masa 'ya'yan maƙera mayu ne, bai ji ba. Danginta suka ce mata wadda ta ƙetare rafin nan zuwa wajen Kiristoci ta tafi ke nan, ita ma ba ta ji ba. Ranar da aka ɗaura mata igiyar baftisma a wuya, Takele ya kashe wutar maƙera ya zauna a ƙasa, mutane suka yi ta shigowa suna masa ta'aziyya kamar wanda ya binne 'yarsa. Ƙaninta Fantahun, wanda ta goya har ya yi ƙafa, yana cikin masu zaman makokin. Takele bai daɗe ba bayan haka. Daga ƙetaren rafi ta tsaya ta ga an fito da gawarsa.

Sai shekarar babbar yunwa ta zo. A ɓoye aka shirya tafiya don soja na tsare hanyoyi, kuma ba a ba matar Kirista sirri. Wata safiya Yalganesh ta ga babu hayaƙi a tudun. Ta haura, ta tarar da ƙofofi a buɗe, kaji na yawo cikin ɗakuna, ƙullun injera, abincinsu mai kama da sinasir, na kumfa ba mai toyawa. Sun bi hanyar Sudan da ƙafa, za su Urushalima. Sai da aka yi shekaru kafin labari ya iso mata cewa Fantahun ya kai, mahaifiyarsu kuwa ba ta kai ba, an binne ta kusa da iyaka.

Yalganesh ta haifi biyar, uku suka rayu. Alemneh ya rasu, ta koma hannun babban ɗanta Molla. Tana zuwa coci, tana azumin Kiristoci duka, amma ranar Asabar ba ta hura wuta, kamar yadda ake yi a gidan ubanta. In an tambaya sai ta ce hayaƙi ke damun idonta. Maƙwabta suka raba gidajen tudun da gonakinsa. Maƙabarta kaɗai aka bari, ba don girmamawa ba, don tsoro, ita ce kuma ke cire mata ciyawa duk ƙarshen damina.

A irin wannan lokacin ne, tana da furfura har gira, wani saurayi mai yi wa baƙi jagora, Adisu, ya zo daga Gondar a kan babur. Ya ce wata ƙungiya za ta zo daga Isra'ila, tsofaffin da suka bar ƙasar da 'ya'yansu, za su ga tsohon gari da safe, su wuce iyaka a Metema inda mutanensu suka mutu a hanya, su koma Gondar kafin rana ta faɗi. Ya ce akwai wani Fantahun Takele a ciki, shi ne ma ya ce a tambaya ko yayarsa na da rai.

Ba kuɗi take so ba, ba kuma so take a tafi da ita ba. Abu ɗaya take so: ƙanin nan ya riƙe ta, ya sumbaci kumatunta dama da hagu kamar yadda dangi ke yi, a gaban mutane, ta san an tashi daga zaman makokin da aka yi mata tana raye. Ta ma yi tunanin yadda zai yiwu. A ka'idar gidansu, wanda ya taɓa Kirista wanka kawai zai yi a ruwa mai gudu ya tsarkaka. Rafi na cike. Za ta ajiye masa sabon mayafi a bakin ruwan.

Gonar Molla ce ke maƙwabtaka da maƙabartar, kuma kowace shekara bakin garmarsa na ƙara matsawa kaɗan. In ta yi magana sai ya ce, "Inna, matattu ba sa cin wake, jikokinki ke ci." Wannan shekarar da ya yi huɗar waken ƙarshen damina, ya ja layi har gindin duwatsun kabarin farko. Ana saura kwana huɗu baƙi su zo aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan ya bi layin garmar ya zaizaye gefen tudun. Da gari ya waye Yalganesh ta je cire ciyawa, ta tarar da kabarin Takele a buɗe ta gefe, ƙasusuwan hannunsa da haƙarƙarinsa a cikin laka, wasu ruwa ya kai su cikin gonar.

Ba ta kira kowa ba. Ta bi layin garmar a durƙushe tana lalube da yatsu, tana tarawa a mayafinta. Ta mayar da su, ta cika ramin da ƙasa, ta jera duwatsu, ta daddasa ciyawa a kai don kada sabuwar ƙasa ta nuna. Sai da ta miƙe ta dubi tafin hannunta ta tuna.

Wanda ya taɓa gawa ko ƙashin mamaci ba wanka ne maganinsa ba. Kwana bakwai yake yi a bukka bayan gari. Ba a taɓa shi, ba a taɓa abin da ya taɓa, ba ya shiga ƙarƙashin rufi ɗaya da mutane, daga nesa ake ajiye masa abinci, sai Kes, malamin addininsu, ya yayyafa masa ruwan tokar jar karsana. Tana yarinya ta sha kai wa mahaifinta abinci a irin wannan bukkar. Ta ƙirga a yatsunta. Ranar da Fantahun zai zo ita ce ta huɗu.

Ta kwashi tabarmarta ta koma wata tsohuwar bukkar masu kiwo a bakin rafi. Molla ya biyo ta.

"Inna, wai me ke nan? Ke da kike cin jibin coci, ina ruwanki da dokar mutanen da suka tafi suka bar ki?"

"Kada ka matso. Ka ce wa matarka ta toya injera, ta dafa gahawa. Ni ba zan taɓa komai ba."

"In sun tambaya in ce me?"

"Ka ce tsufa ne. Kuma bakinka ya yi shiru a kan gona."

Ranar zuwan baƙin, da hantsi, farar mota babba ta hauro tana nishi, ta tsaya ƙarƙashin ɓauren tsohuwar kasuwa. Adisu ya fara sauka yana tafa hannu. "Jama'a, ba mu da lokaci mai yawa a nan! Ɗakin ibada, maƙabarta, gahawa, sai mota. Hanyar iyaka ba ta da kyau." Samari da 'yan mata suka sauko da gajerun wanduna, kowa da waya a sama, suna wani harshe mai sauri da ba ta ji. Bayansu tsofaffi, wasu sun yafa farin mayafin saƙi a kan rigar Turawa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta sumbaci ƙasa. Akwai Kes guda da farin rawani da sanda.

Yalganesh na tsaye a kan wani dutse ƙetaren hanya, hannuwanta cikin mayafi. Ta gane Fantahun tun bai juyo ba, don tafiyar Takele yake yi, kafaɗar dama a ƙasa. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari, yana da 'yar hula a tsakar ka.

Ya tsaya yana kallon fuskokin mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya kai kanta.

"Etiye?" Haka yake kiranta tun yana goye, wato yaya. "Etiye, ke ce?"

Ya taho da hannuwa a buɗe. Ta sauka ta bayan dutsen, ta sunkuya har goshinta ya kusa gwiwa.

"Tsaya nan, ƙanena. Sannu da hanya. Ka tsaya nan."

Ya tsaya. Hannuwan suka daɗe a buɗe kafin ya sauke su.

Tsohuwar da ta sumbaci ƙasa ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. Zewde ce, maƙwabciyarsu ta dā, wadda tun tana amarya ake tsoron bakinta. "Ban gaya maka tun a jirgi ba? Sun cika mata kunne. Ke Yalganesh, tsoro kike kada mu cinye ki? Dube ki, ƙashi da fata, wane maye ne zai ɓata haƙorinsa?"

Wasu suka yi dariya. Yalganesh ta kira ta da sunan girmama iyaye mata, ta ce, "Emama Zewde, har yanzu bakin na nan."

"Shi kaɗai na ƙetare Sudan da shi. Haƙoran a can na bar su."

Aka nufi ɗakin ibada. Rufin ya daɗe da faɗuwa, wani ya mayar da rabin bangon garken awaki. Adisu ya yi bayani da harsuna biyu, matasa suka ɗauki hoto, tsofaffi suka shiga gardama a kan inda ƙofar mata take. Yalganesh na biye da su daga nesa ta gefen gonaki. Ta ga wata budurwa cikinsu ta rungume matar Molla, ta ga wani ya karɓi ruwa a ƙoƙon Kirista ya sha. Ta ce a ranta yara ne, a can aka haife su, ba su sani ba. Amma Kes ya sani. Fantahun ya sani.

A maƙabarta hayaniya ta mutu. Kowa ya watse yana neman nasa, ga duwatsu ba rubutu, sai wanda ya tuna bishiya ko gangare. Wata mata ta yi ta zagaye tana kiran sunan yaronta, ba ta sami wurin ba. Fantahun bai nema ba, kai tsaye ya tafi kabarin farko. Ya durƙusa ya dafa duwatsun. Yalganesh ta ga ya tsinci ciyawar da ta dasa, ta taso a hannunsa ba saiwa. Ya murza ƙasar a yatsu. Daga nan ya ɗaga kai ya bi layin garma da ido har ƙarshen gonar. Ɗan maƙeri ne, ya sha riƙe wa uban bakin garma a kan uwar maƙera. Kes ya fara addu'a da tsohon harshen da ba ta ji ba tun tana budurwa, leɓunanta suka riƙa bi ba da saninta ba.

Aka sha gahawa a ƙofar gidan Molla. Fantahun ya karɓi kofin, ya riƙe har ya huce. Adisu ya duba agogo ya fara tafa hannu. Mutane na hawa mota Fantahun ya ƙetaro hanya, ya tsaya daidai inda ta tsayar da shi da farko.

"Za mu inda Inna take," ya ce. "Na san wurin. Akwai busasshen kogi, da wata ƙirya da ta rabu biyu. Ni na haƙa, da fasasshen kwano. A bayana ta cika, na yi tafiya mai nisa da ita ban sani ba, ina mata hira." Ya share fuska. "Kwana biyu kafin nan ta tambaye ni ko an gaya miki mun tashi. Na ce an gaya miki. Akwai kujera kusa da ni. Zo mu je, a dawo da ke da yamma."

Ta dubi motar. Ta dubi rufinta, da mutanen da ke ciki, da farin rawanin Kes a jikin taga.

"Ba zan iya ba."

"Ƙafa ce? In ɗauke ki."

"Ba zan iya shiga ba, Fantahun."

"To me na yi miki? Yaro ne ni lokacin. An ce zauna a ƙasa na zauna, an ce yi kuka na yi. Na ƙetaro teku in ce miki wannan, kin tsayar da ni kamar mai kuturta."

Zewde ta leƙo ta taga. "Fantahun, taho mana! Matattunmu ma sun fi ta maraba da mu."

Direba ya danna ƙaho. Fantahun ya juya. Ta ga bayansa, da kafaɗar nan ta dama, ta san in ya taka matakalar motar shi ke nan.

"Ni ce mai ƙazantar!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta nufa ba. "Ba kai ba ne. Na taɓa ƙasusuwan Baba. Ruwa ya buɗe kabarin, na tattara su da hannuna na mayar. Yau kwana huɗu. Yaya zan taɓa ka, kai da za ka wurin Inna? Yaya zan shiga rufi ɗaya da Kes?"

Ya dawo a hankali. Ya daɗe yana kallonta, sai wata dariya mara daɗi ta kuɓuce masa.

"Kwana bakwai? Etiye, kwana bakwai kike ƙirgawa?"

"To me zan ƙirga?"

"Wa ke yin wannan yanzu? Ina muka ga jar karsana a can? Ina bukka, a bene na shida? Kin san aikina? A asibiti nake, ni ke tura gawa zuwa ɗakin sanyi. Kullum. In wanke hannu da sabulu, in hau mota, in je gida in ci abinci da 'ya'yana. A hanyar Sudan kuwa ba wanda bai binne nasa da hannunsa ba. Da mun tsaya ƙirga kwana da duk muna can." Ya ɗaga murya wajen taga. "Kes, ka ji? A bukka take zaune!"

Kes ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Ba daɗi Yalganesh ta ji ba. Ta tuna Takele zaune a ƙasa mutane na masa ta'aziyya, ta tuna shekarun da ta yi tana kallon tudun daga ƙetaren ruwa, ga shi ashe abin da ya raba su sabulu ke wanke shi. Duk da haka ta fito da hannuwanta daga cikin mayafi. Akwai sauran baƙar ƙasa a ƙarƙashin faratanta.

Fantahun ya matso har tana jin numfashinsa. Ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarta, idonsa ya sauka a kan faratan, hannun ya tsaya a iska.

"Kin ce ruwa ne ya buɗe."

"Ruwa ne."

"Ruwa bai san hanya ba sai an nuna masa. Na ga layin garma har gindin dutsen. Gonar wa ce?"

Tana iya cewa ta wani ce. Motar za ta tashi yanzu, ba zai sake dawowa ya bincika ba. Molla na tsaye can a ƙofar gida da ɗansa a kafaɗa, yana ɗaga wa baƙi hannu. Amma Fantahun ya riga ya bi idonta.

"Ta ɗana ce," ta ce.

"Wanda na sha gahawa a ƙofarsa."

"Ba ka sha ba. Na gani."

"Jikan Takele ke noma a kan Takele." Ya faɗa a hankali, kamar mai auna ƙarfe. "Kina kallo?"

"Na yi magana."

"Kin yi magana."

Ya janye hannun ya sa a aljihu. Fuskarsa ta koma irin ta uban ranar da ya kashe wutar maƙera.

"To, ki cika kwana bakwai ɗinki, Yalganesh."

Bai ce Etiye ba. Ya hau motar, ya wuce kujerar taga ya zauna ta ɗaya gefen. Adisu ya ƙirga kawuna, ya buga ƙofa. Budurwar da ta rungume matar Molla ta manna tafin hannu a gilashi tana kallon Yalganesh, ƙila 'yar Fantahun ce, ba wanda ya gaya mata. Motar ta gangara ta kama hanyar yamma, yaran ƙauye na bin ta da gudu.

Ta koma bukkar. Da yamma ta ji ƙarar wata babbar mota ta wuce can kan titi ta nufi Gondar, ba ta rage gudu a mararrabar Kulkwal ba.

Ta cika kwanakin. A na bakwai ta aske kanta da reza kamar yadda ake yi, ta wanke tufafinta, ta shiga rafin har wuya. Babu mai yayyafa mata komai. Ta fito ta zauna a kan dutse har ta bushe.

Molla ya same ta a nan da injera a kwando. Ya saba ajiyewa daga nesa, sai ta miƙa hannu ta karɓa daga nasa.

"An gama ke nan?" ya tambaya.

"An gama."

"Waken ya fito da kyau ta wajen can," ya ce yana kallon ƙasa. "Ta gefen duwatsun. In bari, ko in tuge?"

Ta yanki injerar ta riƙe, ba ta kai baki ba.

"Ka bari ya nuna. Yara su ci. Ni dai kada a zuba mini a kwano."